Tsutsar Kwamfuta: Ɓarnar Da Ba Ta Jiran A Buɗe Mata Ƙofa

Ran Talata 27 ga watan Yuni, 2017, ma'aikatan kamfanin jiragen ruwan nan na Maersk suna cikin aikinsu a hedkwatarsu da ke birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak, sai suka ga fuskokin kwamfutocinsu suna yin baƙi ɗaya bayan ɗaya. Wasu kwamfutocin suka fito da jan rubutu mai cewa an kulle duk abin da ke cikinsu, sai an biya dala 300 kafin a buɗe. Cikin 'yan sa'o'i abin ya game ofisoshin kamfanin a duniya, har wayoyin tebur suka daina aiki. Daga cikin tashoshin jiragen ruwa 76 da reshensa na APM Terminals ke gudanarwa a lokacin, 17 suka tsaya cik. Manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin tashoshi, domin babu mai iya faɗin wace kwantena ce ta wane, ko wane jirgi za ta shiga.

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zaman jiran kayansa a Tema, ko Lome, ko Kwatano, ko Apapa, ya san abin da jinkirin kwana ɗaya ke ci. A wannan karo Maersk ya yi hasarar da shi da kansa ya ƙiyasta tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Ba wani ma'aikaci da ya yi sakacin buɗe wasiƙar 'yan damfara, ba kuma Maersk aka nufa da harin ba. Abin da ya faɗa masa shi ne abin da masana na'ura mai ƙwaƙwalwa ke kira tsutsa.

MECE CE TSUTSA?

Mutane da yawa sukan kira duk wata cutar kwamfuta da suna ɗaya, watau bairos, alhali akwai bambanci, kuma bambancin yana da amfani ga mai neman kare dukiyarsa. Bairos yakan maƙale ne a jikin wata takarda ko wata manhaja, ya zauna shiru sai mutum ya buɗe ta da hannunsa. Ita kuwa tsutsa manhaja ce mai cin gashin kanta. Da zarar ta shiga kwamfuta ɗaya, sai ta fara ƙwanƙwasa ƙofofin sauran kwamfutocin da ke haɗe da wannan, ta waya ko ta iska. Duk wadda ta tarar da ɓaraka a jikinta sai ta kwafi kanta ta shiga, daga nan ita ma sabuwar ta fara nata ƙwanƙwasar. Ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, ko da mai kwamfutar yana gida yana barci.

Ɓarakar nan kuskure ne da aka yi wajen rubuta manhaja, kuma babu babbar manhajar da ba ta da irinsa. In kamfanin da ya yi ta ya gano kuskuren, sai ya fitar da gyara, wanda za mu iya kira faci, kamar dai facin taya. Mai kwamfuta zai sauko da facin ya liƙa, ɓarakar ta toshe. To amma fitar da facin tamkar shela ce ga ɓarayi cewa ga inda bango ya tsage. Daga ranar sai a shiga tsere tsakanin masu liƙa faci da masu rubuta tsutsa.

YADDA ABIN YA FARO

Tsutsar da ta fara girgiza intanet ta fito ne ran 2 ga Nuwamba, 1988. Wani ɗalibin Jami'ar Cornell ta Amurka mai suna Robert Tappan Morris ne ya rubuta ta. Ba ta goge komai ba, sai dai takan sake shiga kwamfutar da ta riga ta kama har nauyi ya yi wa na'urar yawa ta kasa motsi. An ƙiyasta ta kama kwamfutoci kimanin 6,000 daga cikin 60,000 da ke kan intanet a wancan zamani. A 1990 kotu ta same shi da laifi, ta ci shi tarar dala dubu goma da 'yan kai, ta kuma ɗora masa aikin gayya na awa 400.

Wadda ta nuna wa duniya iyakar saurin tsutsa ita ce Slammer, ta ran 25 ga Janairu, 2003. Girmanta duka-duka haruffa 376 ne, watau ba ta kai tsawon wannan sakin layi ba. A farkon fitarta yawan kwamfutocin da ta kama yana ninkawa duk bayan daƙiƙa takwas da rabi, kuma cikin minti goma ta riga ta shiga mafi yawan kwamfutoci 75,000 da ta kama. Intanet ya ɗauke a yawancin Koriya ta Kudu, yawancin injinan cirar kuɗi 13,000 na Bank of America suka daina aiki. Abin lura a nan shi ne, kamfanin Microsoft ya fitar da facin wannan ɓaraka tun watan Yuli na 2002, wata shida cur kafin tsutsar ta ɓulla.

Darasi biyu ke nan. Na ɗaya, tsutsa ta fi saurin kowane injiniya, saboda haka duk abin da za a yi sai an yi shi tun ba ta zo ba. Na biyu, sau da yawa maganin yana nan a ajiye, shan sa ne ba a yi ba.

JUMA'AR DA ASIBITOCI SUKA TSAYA

Shekara 14 bayan Slammer sai tarihi ya maimaita kansa. Ran 14 ga Maris, 2017, Microsoft ya fitar da faci na wata ɓaraka da ke cikin tsohuwar hanyar da kwamfutoci masu Windows ke bi su yi musayar takardu a cikin ofis ɗaya, ta ƙofar da ke da lamba 445. Bayan wata ɗaya, wani gungu mai kiran kansa Shadow Brokers ya watsa wa duniya wani makami mai suna EternalBlue, wanda aka sato daga hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, kuma aikinsa shi ne shiga ta wannan ɓaraka. Ran Juma'a 12 ga Mayu aka wayi gari da tsutsar WannaCry, wadda ta haɗa wannan makami da kulle takardu don neman kuɗin fansa.

'Yan sandan Turai sun ce ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe 150. Kamfanin motoci na Renault ya dakatar da aiki a wasu masana'antunsa na Faransa. Allunan tashoshin jirgin ƙasa na Jamus suka koma nuna saƙon neman fansa maimakon lokacin tashin jirgi. A Ingila abin ya fi muni, gama ya taɓa kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin gwamnati. Aka soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000, wasu asibitoci suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wani wuri, daga baya gwamnati ta ƙiyasta hasarar a kan fam miliyan 92. Masu binciken kuɗin gwamnatin Ingila sun gano cewa wuraren da abin ya kama suna amfani ne da Windows da ba a liƙa wa faci ba, ko wanda ya tsufa har an daina yi masa faci.

Wani saurayi ɗan Ingila mai shekara 22, Marcus Hutchins, shi ne ya taka mata birki. Ya lura tsutsar tana neman wani adireshin intanet da ba mai shi, sai ya yi rajistarsa da kuɗin da bai kai dala 11 ba, ashe an rubuta ta ne ta yadda in ta sami adireshin a raye za ta tsaya. Wannan sa'a ce kawai, kuma ba a gina kasuwanci a kan sa'a.

YADDA AKA CI MAERSK DA YAƘI

Mako shida da 'yan kwanaki bayan WannaCry aka saki wadda ta faɗa wa Maersk, mai suna NotPetya. A ƙasar Yukiren akwai wata manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc, wadda yawancin kamfanonin da ke harka a ƙasar ke amfani da ita. Maharan suka kutsa cikin kwamfutocin masu wannan manhaja suka cusa tsutsar a cikin sabuntawar da ake aika wa masu saye. Maersk yana da ofis a birnin Odesa inda aka sa manhajar a kwamfuta ɗaya, kuma ta nan aka shigo masa.

NotPetya tana da makami biyu. Tana amfani da EternalBlue ta shiga kwamfutar da ba ta da faci. In ta shiga, sai ta lalubo kalmomin sirrin da suka rage a ƙwaƙwalwar na'urar, musamman na manyan masu kula da kwamfutocin kamfani, ta yi amfani da su ta buɗe sauran kwamfutoci har da waɗanda facinsu ya cika. Watau ta shiga ta tagar da ta karye a ɗaki ɗaya, ta tarar da damin makullan gidan a rataye, ta bi ɗakuna tana buɗewa. Wake ɗaya ya ɓata gari. Daɗin daɗawa, neman fansar ma yaudara ce, domin an ƙera ta ne ta yadda ko an biya ba abin da zai dawo. A watan Fabrairu na 2018 Amurka da Ingila suka ɗora alhakin harin a kan rundunar sojan Rasha, Amurka kuma ta ƙiyasta ɓarnarsa a duniya a kan dala biliyan 10. Kamfanin magunguna na Merck shi kaɗai ya yi hasarar kimanin dala miliyan 870.

A kowane babban kamfani akwai kwamfutocin da ke riƙe da rajistar ma'aikata, su ne suka san wane ne wane da abin da aka yardar masa ya buɗe. Maersk yana da irinsu kusan 150 a duniya, kowace tana kwafar 'yar'uwarta, saboda haka aka ɗauka ba za su taɓa mutuwa gaba ɗaya ba. Tsutsar ta share su a lokaci guda. Kamar yadda mujallar Wired ta Amurka ta bayar da labari a 2018, bayan an yi ta buga waya ofis-ofis sai aka sami guda ɗaya tak da ta tsira, a ofishin kamfanin da ke Ghana. Dalili kuwa shi ne an ɗauke wuta kafin harin, na'urar tana kashe lokacin da tsutsar ke yawo. Da yake ba ma'aikacin ofishin da ke da bizar Ingila, sai ɗaya ya ɗauki faifan ya hau jirgi zuwa Nijeriya ya miƙa wa wani abokin aikinsa, shi kuma ya wuce da shi Landan. Shugaban kamfanin na lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya faɗa a taron Davos na Janairun 2018 cewa sai da suka sake ɗora manhaja a kan manyan kwamfutoci 4,000 da ƙanana 45,000 cikin kwana goma.

Ɗauke wutar da muke kuka da shi kullum shi ya ceci kamfanin da a lokacin ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na kwantenonin duniya. Abin da ya tsira shi ne abin da ba ya haɗe da sauran, kuma wannan shi ne babban darasin labarin.

TA BAKIN FILASH DA KYAMARA

Kada mai ƙaramin kamfani ya ce ai shi kwamfutocinsa ba sa kan intanet. Tsutsar Conficker, wadda ta ɓulla a Nuwamban 2008 ta kama miliyoyin kwamfutoci, ta koyi hawa kan filash, ta kuma riƙa gwada kalmomin sirri masu sauƙi irin su jerin lambobi. A farkon 2009 ta shiga har cikin kwamfutocin sojan ruwan Faransa. Wannan hanya ba ta mutu ba. A 2024 kamfanin tsaro na Sekoia da ke Faransa ya bayyana cewa ya bi sawun wata tsutsar filash ta dangin PlugX, ya ga alamarta daga adireshin intanet miliyan biyu da rabi a ƙasashe sama da 170 cikin wata shida, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan kamuwa.

Duk wanda ya taɓa kai filash shagon buga takardu, ya dawo ya tarar takardunsa sun ɓace sai wasu gajerun hanyoyi masu kibiya a madadinsu, to ya ga aikin irin wannan tsutsa. Takardun suna nan a ɓoye. Yana latsa kibiyar nan tsutsar ta sauka a kwamfutarsa, ta zauna jiran filash na gaba.

Haka nan kyamarorin tsaro da akwatunan rarraba intanet su ma ƙananan kwamfutoci ne. A 2016 wata tsutsa mai suna Mirai ta kama dubun dubatarsu ta hanyar gwada kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu kan sa musu tun daga kwali, waɗanda masu saye ba su canza ba. A ƙarshen wannan shekara aka yi amfani da wani nau'inta aka kai wa kamfanin waya na Lonestar hari a Laberiya, kuma a Janairun 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure ɗan Ingilan da ya yi aikin na wata 32.

MATAKAN KARE KAI

Ko asibiti ne, ko kantin magani, ko ofishin fiton kaya, ko makaranta, matuƙar akwai kwamfuta biyu da ke magana da juna to akwai hanyar tsutsa. Matakan tsare su ba su da wuyar ganewa, kuma yawancinsu sun fi bukatar horo a kan kuɗi.

Na farko, a san abin da aka mallaka. A rubuta kowace kwamfuta, da injin buga takarda, da kyamara, da irin Windows da ke kan kowace. Tsohuwar na'urar da aka manta da ita a lungun sito, wadda har yanzu wayarta ke jone, ita ce tagar da ta karye.

Na biyu, a liƙa faci a kan kari. Ofisoshi da yawa sukan kashe sabuntawa don tsimin data, wasu kuma don Windows ɗinsu na jabu ne suna tsoron a gane. Tsimin da zai jawo rufe ofis na mako guda ba tsimi ba ne. Microsoft yakan fitar da facinsa ran Talata ta biyu a kowane wata, saboda haka a sa wa mutum ɗaya alhakin dubawa a wannan mako. A kuma sani cewa an daina yi wa Windows XP faci tun Afrilun 2014, Windows 7 tun Janairun 2020, shi ma Windows 10 wa'adinsa na kowa da kowa ya ƙare a Oktoban 2025. In dole sai an riƙe tsohuwar na'ura saboda wani injin awo ko na ɗab'i da ba ya aiki sai da ita, to a cire ta daga cikin sauran ta zauna ita kaɗai.

Na uku, a raba gida. Kowa ya san yadda gobarar kasuwa ke cin rumfunan da ke manne da juna, ta tsaya inda ta tarar da fili. A ce wa injiniya ya raba kwamfutocin lissafin kuɗi da na sauran ma'aikata, ya ware intanet ɗin baƙi dabam, ya ware kyamarori dabam. Ya kashe tsohuwar hanyar musayar takardu mai suna SMBv1, ya kuma tabbatar ƙofa ta 445 da ta 3389, wadda ake bi a sarrafa kwamfuta daga nesa, ba sa buɗe ga intanet.

Na huɗu, a tsare makullai. Kada a yi aikin yau da kullum da asusun mai cikakken iko, ko da kuwa mai kamfanin ne da kansa. Kada kwamfutocin ofis duka su zama da kalmar sirri iri ɗaya. A canza wadda ta zo da kyamara ko akwatin intanet tun ranar da aka kwance kwalinsa. Inda hali ya yi, a sa tabbaci na biyu ta wayar hannu.

Na biyar, a yi wa filash doka. A ware kwamfuta ɗaya da ba ta haɗe da kowa, mai manhajar rigakafi ta kwanan nan, a riƙa duba duk filash ɗin da ya shigo daga waje a kanta.

Na shida, wanda ya fi duka, a yi kwafin ajiya. Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bayarwa ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya kuma ya kasance a wani wuri dabam, a cire. Faifan da ke jone da kwamfuta dare da rana tsutsa za ta cinye shi tare da ita. A yi kwafin, a zare wayar, a sa shi a durowa ko a tafi da shi gida. Sa'an nan lokaci-lokaci a gwada mayar da takardun a kan wata na'ura, don mutane da yawa sai ranar bukata suke gane faifansu ba komai a ciki.

IN HAR TA SHIGO

In aka ga kwamfutoci biyu ko uku sun fara nuna saƙon fansa, ko suna kashe kansu suna kunnawa, abin yi na farko shi ne yanke hanya. A zare wayoyin da suka haɗa su, a kashe akwatin intanet, kuma kowane ma'aikaci ya san yana da izinin yin haka ba sai ya jira maigida ya dawo daga tafiya ba. Kada a kuskura a jona faifan ajiya a kan na'urar da ake zargi. A kira injiniya, a canza kalmomin sirri daga wata na'ura mai lafiya, a sanar da banki da abokan ciniki tun kafin su ji a bakin wasu. Maganar biyan fansa kuwa, waɗanda suka biya a lokacin NotPetya ba su sami komai ba, kuma ko a sauran hare-haren babu mai lamunin alkawarin ɓarawo.

Ya kamata kuma a ajiye lambobin wayar injiniya da na banki da na manyan abokan ciniki a kan takarda, tare da rasit da littafin shigar kaya na hannu. Ma'aikatan Maersk da takarda da biro da WhatsApp na wayoyinsu suka ci gaba da karɓar kaya har kwamfutoci suka dawo.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mai kamfanin da ya karanta wannan, ya kira mai kula da kwamfutocinsa cikin makon nan ya yi masa tambaya uku: yaushe aka liƙa faci na ƙarshe, wa da wa ke riƙe da kalmar sirri mai cikakken iko, kuma ina kwafin da ba ya jone da komai? In aka yi ta inda-inda wajen amsa ta ukun, to daga nan za a fara aiki.